Aron Murya Ranar Wasan Ƙarshe

A garinmu, nan inda kogin Nilu yake ƙare tafiyarsa ya faɗa teku, ba a zaɓen ƙungiyar ƙwallo, gadonta ake yi. Ko dai a haife ka a gidan Matuƙa masu shuɗiyar riga, ko a gidan Maƙera masu ruwan ɗorawa, shi ke nan kuma har kabari. Bayyumi kafinta, wanda ake kira Usta kamar kowane gwanin sana'ar hannu, ɗan Maƙera ne tun daga kakansa, na gani-kashe-ni kuwa. Ƙungiya biyu yake goyon baya a duniya: Maƙera, sai kuma duk wadda ke karawa da Matuƙa, ko daga wace uwa duniya ta fito. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa da aljanu za su haɗa ƙungiya su zo su buga da Matuƙa, shi zai ɗinka musu tuta.

Sai Allah ya jarrabce shi. Ƙanwarsa ɗaya tilo, Nabawiyya, da ta tashi aure ba ta ga kowa ba sai Zaglul mai gyaran injin jiragen kamun kifi, mutumin da ko ranar Sallah sai ya naɗa shuɗin ƙyallen Matuƙa a wuya. Shekara talatin da huɗu mutanen nan biyu suka yi suna zama a gidan shayin Mu'allim Shahata, tebur ɗaya tsakaninsu, suna yi wa juna tsiya. Bayyumi na kiran mijin ƙanwar tasa Mai Ƙarni, shi kuma yana kiransa Gawayi. In an zura wa Matuƙa ƙwallo, Bayyumi zai miƙe tsaye ya kurma ihu, "Ta shiga! Ta shiga, Mai Ƙarni!" da wata irin murya da ake ji har bakin kogi. In Matuƙa suka ci, Zaglul ya rama har da riba. An tashi kuwa sai su jera su hau bene, Nabawiyya ta zuba musu shinkafa da soyayyen kifi a faranti guda.

Gidan Zaglul a saman gidan shayin yake, hawa na biyu. Shi kuwa Zaglul, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai camfi kamar me. Kujerarsa ɗaya ce, ta jikin ginshiƙi, wadda Bayyumi ya yi wa gyaran ƙafa ya fi sau goma yana mita. Ba ya sa sukari a shayi sai an tafi hutun rabin lokaci. Ƙyallen wuyan nan bai taɓa ganin ruwa ba tun ranar da aka saƙa shi, wai wanki zai tafi da sa'ar. Babbar dokar kuwa ita ce Nabawiyya ba ta kallon wasa, ba ta kuma kunna rediyo, domin sau ɗaya tal da ta leƙa aka yi musu huɗu da nema.

Saboda haka da kunne take bin wasa. Sai ta zauna bakin tagar kicin tana tsintar shinkafa. In muryar yayanta ta taso daga ƙasa, ta san an cuci mijinta, sai ta tura tagar ta ce, "Allah ya shirye ka, Yaya." In ta mijinta ce, sai ta fito baranda ta rangaɗa guɗa, ta zuro kwandon nan da take sayen burodi da shi a kan igiya, da tulun gilashi na zoɓo mai sanyi a ciki, 'yan gidan shayi su sha. Duk unguwa an san kwandon Ummu Atif, yadda ake kiran Nabawiyya da sunan ɗansu Atif.

To, shekarar da ake magana a kai, Matuƙa suka yi abin da wata ƙungiya daga garinmu ba ta taɓa yi ba. Suka rinƙa tsallake zagaye bayan zagaye har suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun nahiya. Wasan farko a ƙasar abokan karawar aka tashi babu ci. Na biyu za a yi shi a filin wasa na babban birnin ƙasarmu, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Abin da Zaglul ya yi shekara sittin yana jira ke nan. Ciwon hanta kuwa bai tashi kwantar da shi ba sai a wannan watan.

Saura kwana goma wasan, Bayyumi ya hau duba shi. Ya tarar da mutum ya zama kara, idanu sun yi rawaya.

"Ka ga ikon Allah, Mai Ƙarni," in ji Bayyumi, don bai iya wata magana da shi ba sai tsiya. "Har idanunka sun koma Maƙera."

Zaglul ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Gawayi, zauna. Ba zan ga wasan nan ba."

"Kai, bar wannan zance. Wa zan yi wa ihu in an lallasa ku?"

"Na ce zauna." Ya kamo hannunsa. "Atif yana can ƙasar Larabawan Gulf, ba zai samu zuwa ba. Kujerata ba a barinta babu kowa, ka sani. Kai nake so ka zauna a kai. Ka ɗaura ƙyallena. Ba zuciyarka nake roƙo ba, na san ta riga ta ƙone. Muryarka kawai za ka ara mini, ta awa ɗaya da rabi. In yarana sun ci, ka yi ihun da zan yi."

Bayyumi ya so ya yi wasa da maganar, amma ya ga Nabawiyya tsaye bakin ƙofa da kofin magani, tana kallonsa.

"Na ji," ya ce.

"A'a, rantse. Na san halin Maƙera."

"Wallahi tallahi, ranar nan muryata taka ce."

Washegari da hantsi Zaglul ya cika. Bayyumi ne a gaban makara, shi ya shiga kabarin ya karɓe shi, ya kuma yi kukan da mutane suka daɗe suna zancensa.

Ranar wasa, bayan an sauko daga masallaci, ya hau wurin ƙanwarsa. Tana cikin baƙaƙen kayan takaba, ta rame. Kwana tara ba a ji ɗuriyarta ba sai dai a ji tana amsa gaisuwa. Ta ɗauko ƙyallen daga ƙarƙashin matashin mijinta, ta naɗa masa da hannunta. Warin man inji da taba da gumin shekara da shekaru ya bugi hancinsa, warin Zaglul sak.

"Yana ƙaiƙayi," ya ce, don ya samu abin faɗa.

"Haka shi ma yake cewa." Ta gyara masa bakin ƙyallen. "Zan zauna inda na saba, Yaya. Na jiƙa zoɓo tun jiya, ban ma san na jiƙa ba, hannuna ne ya yi. Ka san wani abu? Shekara talatin da huɗu, duk ranar wasa, addu'ata ita ce kar in ji muryarka. Yau ita nake jira."

"Za ki ji ta, da yardar Allah."

Ya sauko yana share ido da bayan hannu.

Mu'allim Shahata ya fito da talabijin ya ɗora kan wani dogon tebur a bakin ƙofa, kujeru sun cika titi har mota ba ta wucewa. 'Yan Maƙera, abokan Bayyumi, duk sun tafi wani gidan shayi a ƙetaren gada don su yi fatan tsiyarsu a ɓoye. Shi kaɗai ne a cikin shuɗin taro. Da ya bayyana da ƙyallen, wuri ya ɗauki sowa.

"Jama'a, ku zo ku ga abin al'ajabi! Gawayi ya faɗa kogi!"

"Usta Bayyumi, bai ƙone maka wuya ba?"

Ustaz Raga'i, tsohon malamin lissafi wanda yake zama daman Zaglul tun fil azal, ya miƙe ya ja masa kujerar jikin ginshiƙi. "Ku bar shi," ya ce. "Yau Zaglul, Abu Atif, shi ne zaune a nan. Wanda ya tsokane shi, ni ya tsokana." Mu'allim Shahata da kansa ya kawo shayi, ya ajiye, ya ɗauke gwangwanin sukari. Babu wanda ya yi dariya.

Aka busa usur. Bayyumi ya yi ƙoƙari, a gaya masa gaskiya. Da farko bakinsa ya yi nauyi, sunayen da ya saba haɗawa da zagi yau ana so ya haɗa su da addu'a. Ya ce "Allah ya taimake ku" a hankali, ya ji kamar ya ci bashin wani. Amma da wasa ya yi zafi sai ya fara sakin jiki. Ɗan gaban Matuƙa ya buga wata ƙwallo ta daki turke, Bayyumi ya dafe kai tare da kowa ya ce, "Kash!" Ustaz Raga'i ya dube shi ya dafa masa gwiwa. Alƙalin wasa ya hana su bugun daga kai sai mai tsaron gida, Bayyumi ya miƙe ya tambayi alƙalin ko a kasuwa ya sayo idanunsa. Jama'a suka tafa masa. Shi kansa ya ji daɗin kansa. Ya ɗaga kai ya dubi tagar kicin, tana buɗe.

Aka tafi hutu babu ci. Mu'allim Shahata ya dawo da gwangwanin sukari, ya zuba masa cokali uku, yadda marigayin yake sha.

"Ashe kana da amfani, Usta," ya ce. "Da mun sani da tuntuni mun saye ka."

"Aro ne, Mu'allim. Da magariba zan mayar wa mai shi."

Aka dawo. Matuƙa suka danne baƙin nan, bugun kwana bayan bugun kwana, ƙwallo ta ƙi shiga. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar shisha da muryar mai sharhi. Wani dattijo yana jan carbi da ƙarfi har ana jin ƙwayoyin. Saura minti bakwai, duk 'yan Matuƙa suka hau gaba don wani bugun kwana, suka bar mutum ɗaya a baya, mai lamba biyar.

Wannan mai lamba biyar kuwa, shekara tara Bayyumi yana kiransa Buhun Siminti. Shekara tara yana gaya wa Zaglul, "Wata rana buhun nan zai faɗi ya kashe ku, ka rubuta ka ajiye." Zaglul kuma yana rantsuwa babu ɗan baya kamarsa a nahiyar.

Mai tsaron gidan baƙi ya cafke kwanar, ya wurga ta gaba. Wani siririn ɗan wasa ya kwasa da gudu. Mai lamba biyar ya juya zai bi shi, ƙafarsa ta zame, ya zauna daɓas a kan ciyawa. Siririn ya wuce, ya kauce wa gola, ya tura ta cikin raga a hankali.

"TA SHIGA! Ta shiga, Mai Ƙarni! Ban gaya maka ba?"

Bayyumi bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya dai ga kansa tsaye, hannu biyu a sama, kujerar Zaglul kwance a bayansa, yana waige gefen hagu inda ya saba ganin fuskar da yake yi wa tsiya. Babu kowa a wurin sai ginshiƙi. Ihun nan kuwa ya fita duka, cikakke, irin wanda ake ji har bakin kogi.

Mutum sun fi ɗari biyu a titin nan, kuma babu wanda ya ce uffan. Ba su zage shi ba. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Ustaz Raga'i ya cire tabarau ya rinƙa gogewa da bakin riga, bai ɗago ba. Bayyumi ya sauke hannuwansa ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe shi tun daga tsakar ka har tafin ƙafa, ya ji ƙyallen ya shaƙe shi, ya yi fatan ƙasa ta tsage. Ya buɗe baki zai ce wani abu, bai ma san ko mene ne ba.

Sai guɗa ta tashi daga sama.

Doguwa ce, mai kaifi, ta ratsa titin daga wannan kai zuwa wancan. Duk kawuna suka ɗaga. Ga Nabawiyya a baranda cikin baƙaƙen kaya, hannu a kan baki, hawaye na zuba, fuskarta kuwa tana haske. Ba ta duba ƙasa ba, sama take kallo. Ta ja numfashi ta sake rangaɗa ta biyu, ta ƙara ta uku. "Abu Atif!" ta ce. "Ka ji? Sun ci maka!" Ta juya da sauri ta shige ciki.

A barandar da ke fuskantar tata akwai mata uku da ke leƙen talabijin ɗin daga nesa. Ɗaya ta buga ƙirji. "Innalillahi! Kwana tara da rufe miji, tana guɗa an ci ƙungiyarsa?" Wata ta ce, "Jini ba ya ɓuya, 'yar Maƙera ce fa. Ashe duk shekarun nan haƙuri take." Bayyumi ya ji kowace kalma, haka ma duk wanda ke wurin.

Sannan kwandon ya fara saukowa. A hankali yake zuwa, yana juyawa a kan igiya, kofuna na ƙara a ciki. Ya wuce hawa na ɗaya, ya wuce allon sunan gidan shayin, ya zo ya tsaya daidai kafaɗar Bayyumi, inda ya saba tsayawa. Tulun cike yake da jan zoɓo, da ƙanƙara a ciki. Yau har da farantin alewa ta ɗora, abin da ba ta taɓa yi ba.

Babu wanda ya miƙa hannu. Minti bakwai ɗin nan suka ƙare kwandon na reto a gefensa, Bayyumi na tsaye don ya kasa zama, ya kuma kasa tafiya. Alƙali ya busa tashi. Baƙi suka ɗauki kofi a gaban mutum dubu tamanin, Mu'allim Shahata ya kashe talabijin kafin a nuna. Jama'a suka fara watsewa shiru, kowa na kauce wa Bayyumi kamar an zubar da ruwan wanki a hanya. Ustaz Raga'i ne ya sunkuya ya tayar da kujerar, ya ga ƙafar baya ta karye, ya jingina ta da ginshiƙi ya tafi.

"Mu'allim," in ji Bayyumi, muryarsa ta dushe. "Wallahi ban yi niyya ba. Bakina ne…"

"Na sani, Usta. Ai duk mun sani." Mu'allim Shahata yana tattara kofunan shayi, bai dube shi ba. "Ba ni za ka gaya wa ba. Ɗauki kayan nan ka hau. Ni kam ba da bakina za ta ji ba."

Bayyumi ya ciro tulun da farantin. Kwandon na yin sauƙi sai aka ja shi sama da hanzari, Nabawiyya ta ɗauka an shanye ke nan.

Matakala ashirin da shida ne zuwa gidan, shi ya yi musu makarin katako da hannunsa. Yau ya tsaya a kan kowace ɗaya. Ya shirya ƙarya kala uku kafin ya kai hawa na ɗaya: zai ce alƙali ne ya soke ƙwallon, zai ce sun ci aka rama aka ƙara, zai ce ba muryarsa ba ce. Kafin ya kai hawa na biyu ya zubar da su duka. Ko ya yi ƙaryar, matan baranda za su kawo mata gaskiya kafin isha'i, da ƙarin gishiri.

Ƙofar a buɗe take. Ta share falo, ta sauko da hoton Zaglul ta jingina a kan tebur. Ta taho da murna.

"Yaya! Nawa aka tashi? Wa ya ci mana? Me ya sa ban ji ana busa ƙahon motoci ba, ko duk sun tafi bakin kogi ne?"

Sai idonta ya sauka kan tulun. Cike yake, ƙanƙarar ta narke. Ta dubi farantin alewa, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ta kasa kunne wajen taga, ta ji shirun unguwa. Ta daɗe tana saurare.

"Muryarka na ji," ta ce.

"Tawa ce."

"Sau ɗaya na ji ta."

"Sau ɗaya aka ci." Ya kasa ɗaga kai. "Mu aka ci, Nabawiyya. Ku aka ci. Ban san na tashi ba, wallahi. Na juya ne in gaya masa, na manta ba ya nan."

Ba ta yi kuka ba. Hannunta ya tafi bakinta a hankali, inda guɗar ta fito.

"Sau uku na yi," ta ce. "A gaban unguwa. Ina cikin takaba."

"Zan bi gida-gida in faɗa musu. Zan tsaya a masallaci. Laifina ne, kowa ya gani."

"Kowa ya ji ni dai."

Ta karɓi tulun ta ajiye kusa da hoton. Sannan ta matso, ta sa hannu a wuyansa, ta fara warware ƙyallen, naɗi ɗaya bayan ɗaya, a natse, yadda ta ɗaura masa ɗazu. Ya ɗauka ƙarƙashin matashi za ta mayar. Sai ta kai shi hancinta ta shinshina, ta daɗe. Ta sake shinshinawa a wani gefen. Abin da take nema ba ta samu ba, gumin Bayyumi na awa biyu ya jiƙa shi sharkaf.

Ta wuce kicin. Yana tsaye ya ji ta jawo roba, ya ji ta buɗe famfo.

"Nabawiyya, kar ki wanke! Bai taɓa bari an wanke ba!"

"Na sani, Yaya," ta amsa daga ciki. "Ja mini ƙofa in za ka fita."